Bakwai a Wajen Shinge

Shekara ashirin da shida na yi ina liƙa busassun tsirrai a jikin kwali, shi ya sa a wurin aikinmu ba mai kirana da sunana, sai Anti Gam. Ɗakina yana can ƙasan bene, taga ɗaya, fanka ɗaya mai kuka, da durowoyin ƙarfe guda arba'in cike da tsirrai, wasunsu sun girmi kakata. Aikin ba wuya. A kawo min tsiro ɗanye, in shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, in danne da katako biyu, in ɗaure tamau, kullum in canza jarida har ya bushe. Sannan in liƙa shi, in rubuta inda aka samo shi da ranar da aka samo shi da irin ƙasar wurin. Warin kafur ya kama ni har maigidana yakan ce shi durowa ya aura ba mace ba. Ba na tanka masa, don bakaniken da ya yi shekara talatin yana warin baƙin mai ba shi da bakin magana.

A durowa ta goma sha bakwai akwai kwali uku da suka daɗe suna tsone min ido. Wani ɗan fure ne, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, ya koɗe ya koma kalar jaridar da aka matse shi a ciki. Rabon da wani ya gan shi da rai an fi shekara hamsin. Kwalayen sun ce wuri uku kaɗai aka taɓa samunsa a duk faɗin duniya, kuma duka ukun a kewayen garinmu suke. Dokta, shugaban sashenmu, shi ya sa mu nemansa. Na girme shi da shekara goma, siriri ne, ba ya ɗaga murya, kuma ba zan ci zalinsa ba, yana son tsirrai har zuciyarsa. Muka je wuri na farko muka tarar da gidan mai. Muka je na biyu muka tarar da rukunin gidaje, har da wani kare da ya raka mu bakin mota a guje. Na uku kuwa wanda ya rubuta kwalin, Allah ya yafe masa, cewa kawai ya yi "gangare mai tsakuwa, arewa da gari". Gangare nawa ne a arewa da gari? Shekara uku muna hawa muna sauka, ba mu ga komai ba sai ƙaya a ƙafa.

Ni na gano shi, ba Dokta ba, kuma ba nemansa na fita ba. Dubiyar ƙanwar maigidana na je, da hantsi, kwana tara bayan ruwan farko na damina. Da zan dawo na ce bari in yanke ta bayan babban tankin ruwa na gari. Ina zagayowa na ga gangaren ya yi shuɗi. Na tsaya, na goge ido, na tsuguna. Wallahi sai da jakata ta faɗi.

Can gefe wata tsohuwa na zaune a kan dutse da sanda, ta tare awakinta a wani lungu tana hana su haurowa.

Na ce, "Iya, sannu da hutawa. Wannan furen fa?"

Ta ce, "Wanne? Ɗan-kwana-uku? In magani kike nema, 'yar nan, kada ki wahalar da kanki. Ba ya maganin komai, na gwada."

Haka muka saba. Iya gwauruwa ce, tana da ɗaki ɗaya na kwano a gindin gangaren da awaki ashirin da uku, su ne cinta su ne shanta. Shekara arba'in tana kiwo a wurin, tun ba a gina tankin ba. Ita ke kirana 'yar ofis. Damina biyu na yi ina zuwa da littafina ina zama kusa da ita, kuma rabin abin da na rubuta daga bakinta na ji shi.

Furen yana da saiwa kamar 'yar ƙaramar albasa, a binne kamar taƙi ɗaya cikin jar ƙasa mai tsakuwa. Duk rani tana nan shiru. In ruwan farko ya sauka da ƙarfi, a ƙirga kwana tara ko goma, sai kara ya ɓullo tsirara ba ganye, da fure ɗaya a kansa, shuɗi mai ɗan ja, tsakiyarsa rawaya. Da hantsi yake buɗewa, kafin azahar ya rufe. Ya yi haka sau uku, shi ke nan, sai baɗi. Bayan furen ya faɗi ne ganye biyu sirara suke fitowa, su kwanta a ƙasa shame-shame, kuma da ranar da suke sha saiwar ke tara abin da za ta yi fure da shi wata shekara. Akwai wata 'yar ƙudan zuma baƙa da ke haƙa ramukanta a ƙasar da ba ciyawa, ita kaɗai na taɓa gani a kansa. Irin kuwa tururuwa ke kwashewa su kai gidansu. Mun gwada shuka irin a tukunya, ko ɗaya bai tsiro ba. Mun tono saiwa ashirin mun dasa a lambun ofis, muka yi ta lallaɓa su, duka suka ruɓe. Abin ya ƙi zama ko'ina sai bayan tankin nan.

Ƙirgarmu ta farko ɗari huɗu da goma sha biyu. A ranar ne Dokta ya ga kashin awaki ko'ina, ya kuma tsinci furanni talatin da aka gutsure wa kai. Ya riƙe ɗaya a tafin hannu kamar zai yi kuka, ya ce, "Anti, kiwo ne zai ƙarasa shi. Dole a kewaye wurin nan."

Kada in ɗora masa shi kaɗai. Ni na fi shi zafi. Ni na buga takardar neman izini, ni na yi ta sintiri ofishin ruwa, masu filin, sau goma sha ɗaya, har masinjansu in ya hango ni sai ya shige banɗaki. Ni na tsara dokokin da aka rubuta a allo: ba kiwo, ba yankan ciyawa, ba ƙona ciyawa. Dokta ya samo wasu masu tallafi daga waje suka ɗauki nauyin waya da turaku.

Ranar da aka zo awon fili Iya ta same ni a gefe. Ba ta yi hayaniya ba.

Ta ce, "'Yar ofis, awakina ba sa cin abin nan. Ɗaci gare shi, zawo yake sa su. 'Yan ƙananan ne ke ɗanɗanawa su tofar. Ba ki ga da ya fito nake janye su sati biyu ba? Ciyawa suke ci. In kika hana su cin ciyawa, ciyawa za ta cinye miki shi."

Na ce, "Iya, ke ki san akuya, mu mu san tsiro."

Har da dariya na yi. Masu awo ma suka taya ni. Na ɗauka tsohuwa ce kawai ke kare abincinta, kuma gaskiya ne tana kare abincinta, amma hakan bai hana maganarta zama gaskiya ba. Ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi, ta ce, "To," ta juya.

Aka kafa shinge mai tsawon mutum da rabi, da ƙofar ƙarfe, da kwaɗo, da allo mai hoton furen, da maigadi a 'yar rumfa. Iya ba ta da wani wurin kiwo, duk kewayen an gine. Ta koma bin gefen titi da awakin suna tsintar ɓawo da takarda. Babbar mota ta take huɗu a rana ɗaya. Sauran suka rame, ta rabu da su ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe 'yarta ta zo ta ɗauke ta. Da maigadi ya ba ni labari, buɗe bakina sai cewa na yi, "Ai hutu ne ma gare ta, a shekarunta." Haka na ce, da bakin nan nawa.

Daminar farko bayan shinge muka ƙirga ɗari shida da talatin. Zo ka ga murna! Aka ɗauki hotuna, Dokta ya rubuta takarda aka buga a wata mujallar masana, aka ƙara masa girma. Sunana ya fito a ƙasan shafi na ƙarshe, wajen godiya, da ƙananan baƙaƙe. Na sa aka yi wa shafin firam na rataye a falo. Maigidana ya ce a kawo masa tabarau ya ga inda aka ce matarsa ta yi suna.

Damina ta biyu, ɗari uku da tamanin. Muka ce ruwa ne ya makara. Ta uku, casa'in da huɗu. Muka ce ruwa ne ya yi yawa. Mutum in ya so ya yaudari kansa, ai ba ya rasa abin faɗa, ga shi mu biyu ne muna taya juna.

A ta huɗu ni kaɗai na je ƙirga, Dokta yana taro. Maigadi ya buɗe min ƙofa da ƙyar, don ciyawa ta danne ta. Ciyawar bara da ta bara waccan sun bushe sun kwanta sun yi katifa, kaurinta ya kai taƙi, sabuwa kuma tana hudowa ta cikinta. Ƙaya ta fara zama bishiya. Na durƙusa ina yaye ciyawar da hannu. Ƙasar da na sani ja, busasshiya, mai ɗumi, ta koma baƙa mai danshi, tana warin ruma. Ba ramin ƙudan zuma ko ɗaya. Na samu fure goma sha biyu, dogaye, farare fat, sun miƙe neman haske har sun kasa riƙe kansu. Na tona inda na san akwai saiwa da yawa, na ciro ɗaya, na matsa. Ta fashe a hannuna, ruwa ne kawai a ciki da wari.

Na fito na nufi famfon da ke gindin tanki in wanke hannu. Akwai 'yar hanya daga rumfar maigadi zuwa famfon, shi da masu ɗiban ruwa suke bi, sun tattake gefenta ya zama fili. Ina tafe ina kallon ƙasa, don ba na son maigadi ya ga idona, sai na ga shuɗi. Guda bakwai, gajeru, masu ƙiba, a buɗe tar, taku goma a wajen shingenmu. Ga kuma baƙar ƙudan zuman nan a cikin ɗaya tana ta juyi.

Na zauna a ƙasa daɓas. Maigadi ya rugo yana, "Anti lafiya? Jiri ne?" Na ce masa jiri ne. Ba jiri ba ne, kunya ce, irin wadda ban taɓa ji ba tunda uwata ta haife ni.

Washegari na shiga ofishin Dokta na rufe ƙofa.

Na ce, "Dokta, goma sha biyu."

Ya ajiye biro.

Na ce, "Shingen ne ke kashe shi. Ganyensa a ƙasa yake kwanciya, ciyawa ta rufe shi ba ya ganin rana. Awakin nan su ne ke yi masa aski. A buɗe ƙofa a sa awaki, ko a ba ni lauje."

Ya juya ya dubi taga. Sannan ya ce, "Anti, zato ne wannan, ba hujja ba. Takardarmu ta ce kiwo ne matsala. Masu tallafi za su zo wata mai zuwa su ga wurin. In ce musu me? Ku zo ku ga awaki a cikin shingenku?"

"Ka ce musu mun yi kuskure."

"Da shekara ɗaya mara kyau?"

"Uku, Dokta. Haba! Ni da kai ne fa a ɗakin nan."

Ya sha mur. Ya ce dokar da ke allon nan ni na buga ta, ofishin ruwa sun sa hannu, masu tallafi sun sa hannu, ba a canza ta da maganar baki. Ya ce zai kafa kwamiti a duba. Kwamiti! Na san kwamitocin gidanmu, akwai wanda aka kafa don gyaran fankar ɗakina tun ina goyon autana.

Na kai bakin ƙofa, na juyo kamar abin bai dame ni ba, na ce, "To in da za a samu wasu a wajen shinge fa?"

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ai da mun ji daɗi. Sai mu faɗaɗa shingen ya haɗa da su. Wannan kam masu tallafi ba za su ƙi ba. Kin ga wasu ne?"

Na ce, "A'a. Tambaya ce kawai."

Ban rubuta rahoto a ranar ba. Na nemi kwatancen gidan 'yar Iya a wurin maigadi. Wani dogon bene ne na haya a bayan tasha, hawa na uku. Matattakalar duhu, a jiƙe, barandar cike da bokitai da risho da igiyar shanya, sai ka sunkuya ka wuce. 'Yar ta buɗe ƙofa, ta gane ni, ta ƙi amsa gaisuwata. Ta juya ta ce, "Iya, ga matar waya nan," ta ɗauki bokitinta ta fita.

Iya na zaune a kan katifa kusa da taga. Tagar tana kallon bangon wani benen, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba. Ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum. Matar da take hawa gangare sau huɗu a rana, yanzu shekara guda rabonta da sauka ƙasa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba yabo ba fallasa.

Ta ce, "Ya mutu ko?"

Na ce, "Saura kaɗan, Iya. Yadda kika faɗa haka ya faru."

Na ɗauka za ta yi min wankin babban bargo, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Gwiwarta kawai ta yi ta murzawa.

Na ce, "Amma akwai bakwai a waje, a hanyar famfo. Lafiyarsu lau."

Sai a lokacin ta dube ni sosai. Ta ce, "Wajen dutsen nan mai tsaga?"

"Nan ne."

"Nan nake ɗaure farar nan mai kunne ɗaya." Ta ƙara da cewa, "Mutanenki sun sani?"

"Ba wanda ya sani sai ni."

"To ki rufa musu asiri, 'yar ofis. Ku duk abin da kuka so, waya kuke sa masa."

Na ce, "Iya, ki yafe min."

Ta mayar da kanta wajen taga ta ce, "A gabana mota ta taka farar nan, da ciki. Ki sauka a hankali, matakala ta biyar daga ƙasa a karye take."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Na sauko ina kuka, na kuma yi tuntuɓe a matakalar da ta faɗa.

Fom ɗin ƙirga na shekara layi biyu ne ke da muhimmanci a cikinsa. Na farko: adadin da ke cikin shinge. Na rubuta goma sha biyu. Na biyu: adadin da ke wajen shinge, mita ɗari ta kowane gefe. Na tsayar da biro a kan layi na biyun. A aikinmu ba ka da wata daraja sai ta abin da ka rubuta. Mutum zai zo bayan shekara ɗari ya buɗe durowa ya yarda da kai, bai taɓa ganinka ba. Shekara ashirin da shida ban taɓa ƙara ganye ɗaya ko in rage ba. Na rubuta "babu", na sa hannu, na sa kwanan wata. Dokta ya sa nasa hannun a ƙasan nawa ba tare da ya karanta sau biyu ba, don ya san ni.

Duk wannan shekarar na zama kamar mai ɓoye ciki. Duk Asabar ina can, wai na zo duba shinge. In zagaya hanyar famfo in cire ciyawar da ta matso kusa da su, in tattake gefen da takalmina. Ganyensu suka fito suka kwanta, kore shar. Na ga tururuwa na jan irin zuwa wani rami a gindin dutse, na tsuguna ina kallonsu har maigadi ya fara tunanin na taɓu. Cikin shinge kuwa na lallaɓa shi ya bar ni na shiga da lauje sau uku, ni kaɗai da bayana mai ciwo. Abin da na share bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, kuma duk saiwar da na taɓa a wurin ta riga ta zama fanko. Masu tallafi suka zo bayan lokacin fure, suka ɗauki hoton allo, suka yaba da tsawon ciyawa. Kwamiti bai zauna ba.

Da ruwan farko na damina ta biyar ya sauka, na fara ƙirga kwanaki a kalandar kicin. Maigidana ya ce ko haihuwar jikarmu ban ƙirga haka ba. Ranar ta tara na ɗauki izinin rabin yini, na hau mota. Tun daga bakin titi na ji ƙarar inji, amma gari ne, ina ne ba a jin inji? Sai da na zagayo tankin na ga katafila, da tifa biyu, da mutane masu hular kwano. Sun riga sun kankare rabin filin da ke tsakanin titi da famfo, ƙasa ja a buɗe. Saura kamar taku talatin su iso dutsen mai tsaga.

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Na isa wurin, ga su nan, ba bakwai ba ma, tara. Biyu sababbi ne, 'yan mitsi-mitsi, sun fara buɗewa. Na tsaya a gabansu na ɗaga hannu biyu ina ihu. Direban katafilar ya kashe inji ya leƙo.

Ya ce, "Mama, lafiya? Ki matsa don Allah, abin nan ba ya gani."

Shugaban leburorin ya zo da fayil a hammata, mutum mai ƙiba mai haƙuri. Ya ce garejin motocin ruwa za a gina. Na ce ba za a gina a nan ba, akwai tsiron da babu irinsa a duniya. Ya nuna shinge ya ce ai ga wurin tsiron can, ba su taɓa ko waya ɗaya ba, an ja musu kunne sosai. Na nuna masa ƙasa. Ya sunkuya ya duba, ya ce, "Ikon Allah, kyakkyawa kuwa. Amma Mama, ofishinku ne suka ba da takarda cewa nan ba komai. Ni da takarda nake aiki. Kawo min wata takardar in tsaya."

Na ce ya ba ni awa ɗaya. Ya ce injin haya ne, ba zai iya kashe shi ba, amma zai sa su fara ta ɗaya gefen. Na ce wa maigadi ya tsaya a wurin kada ya motsa. Ya ce to, amma na ga idonsa, shi ma ɗan aikin ofishin ruwa ne.

Awa ɗaya! Cunkoson bakin kasuwa kaɗai ya ci minti arba'in. Na isa ofis, na faɗa ɗakin taro ba sallama, takalmi ɗaya a ƙafa, na ce, "Dokta, fito." Ya fito. A baranda na gaya masa.

Ya ce, "Wata uku da suka wuce ofishin ruwa suka rubuto suna tambaya. Na ɗauko rahotonki na haɗa musu." Sai ya tsaya, maganar ta isa kansa. "Akwai? Anti, akwai, kika rubuta babu?"

"Da na rubuta akwai, da ka sa musu waya."

"Da na sa musu waya, da yau katafila ba ta zo ba!"

"Da ciyawa ta cinye su kamar sauran!"

Muka tsaya muna kallon juna, mutane sun leƙo ta tagogi. Kowannenmu ya faɗi gaskiya, kuma ba ta amfane mu da komai ba. Dokta ya juya. Ya shiga ofis ya rubuta takarda da hannu, ya buga hatimi, muka shiga motarsa. Mutumin da ba ya wuce kowa a titi, ranar har kan dakalin masu tafiya a ƙasa ya hau.

Mun isa bayan azahar. An gama. Daga titi har famfo fili ne sumul, an yashe ƙasa ta kai gwiwa, dutsen mai tsaga an ture shi can gefe. Shugaban leburorin ya karɓi takardar da hannu biyu ya karanta, ya ce wallahi ya jira, ya ja aikin iya yinsa, amma injiniya ya zo ya yi masa faɗa. Dokta ya tambaye shi ina ƙasar da aka kwashe. Ya ce tifa ta yi sawu shida, an kai cikon wani kududdufi a bayan gari, ana ta zuba ɓaraguzan gini a kai. Maigadi yana rumfarsa, ya juya mana baya.

Ina tsaye ban san inda zan sa kaina ba, sai ga direban katafilar ya nufo ni yana goge hannu a wando. Ba yaro ba ne, da furfura a gemunsa. Yana riƙe da robar ruwa da aka yanke wa kai.

Ya ce, "Mama, na ga yadda hankalinki ya tashi, abin ya tsaya min a rai. Kafin in wuce sai na sauka na tsinko miki su. Duka tara ne, ban bar ko ɗaya ba. Na sa musu ruwa kada su yi yaushi."

Ya miƙo min da fara'arsa, yana jiran in ji daɗi. Dokta ya juya ya dafa motarsa, kafaɗunsa na girgiza. Ni kuwa na sa hannu biyu na karɓa. Mutumin nan shi kaɗai ne a cikinmu bai yi laifin komai ba, me zan ce masa? Na ce, "Na gode, ɗan'uwana. Allah ya saka da alheri." Ya ce ba komai, ya koma ya tayar da injinsa.

Sau biyu na kashe furen nan, sau ɗaya da gaskiyata, sau ɗaya da ƙaryata, kuma duka biyun don ina sonsa ne. Cikin shinge bana ko ɗaya bai fito ba. 'Yar Iya ta aiko maigadi sau biyu, wai tsohuwa na tambaya ko bakwai ɗin sun fito. Na ce ya ce mata ina nan tafe. Yau wata huɗu ke nan, ban hau benen ba.